Kyandir Ta Ƙofar Baya

"Zenaida! Wannan cakulan ɗin shi zai kaɗa kansa ne? Ko sai baƙi sun shigo sun tarar da mu baki buɗe?"

Gwaggo Rufina ce ke ta faɗa tun safe, tana zagaya tsakar gida da tsumma a kafaɗa. Zenaida ta murza maburgi tsakanin tafukanta har kumfa ta taso bakin tukunya, tana dariya ƙasa-ƙasa. Yau ko zaginta Gwaggo ta yi, daɗi za ta ji, don yau ne dangin saurayinta Isidro za su kawo kyandir.

A garinmu San Baltasar ba a neman aure da fatar baki. Dangin saurayi kan jero a titi, 'yan badujala a gaba, mata ɗauke da kwandunan burodi da 'ya'yan itace, maza riƙe da kyandirori na kakin zuma da aka yi wa ado da furanni. Babban cikinsu uban saurayi ke ɗauka, in ba uba sai babban wa. In uban yarinya ya karɓa, a kunna shi a ɗakin ibada, gaban hotunan waliyyai da na mamatan gida. In ya ƙi, kyandir ya koma yadda ya zo, gari kuma ya samu abin taunawa.

Ba ƙaramar wuya aka sha ba kafin Baba Fausto, mahaifin Zenaida, wanda mutanen gari ke girmamawa da laƙabin Don Fausto, ya yarda da wannan rana. Masaƙin darduma ne, kuma a duk layin shi kaɗai ne motar 'yan yawon buɗe ido ba ta tsayawa a ƙofarsa. Ba baƙin ya tsana ba. Duk wanda ya tako da ƙafarsa ya ƙwanƙwasa, zai nuna masa masaƙa da tukwanen rini har ya gaji. Masu kawo su ne ba ya son gani, waɗanda ke kwaso mutane daga birnin Oaxaca da safe, a kai su gindin tsohuwar bishiya, a zagaya da su kufan mutanen da, a sauke su gidan masaƙin da ya fi ba da kamasho, a ƙarasa da su maɓuɓɓugar kan dutse kafin rana ta faɗi. Ga shi kuwa Isidro direban irin wannan bas ɗin ne, bas ɗin yayansa Bulmaro. Sai da Zenaida ta yi kuka, ta yi yajin magana, Gwaggo ta sa baki, sannan tsohon ya ce, "To, su zo."

Da aka jiyo badujala, Zenaida ta leƙa ta tsagin ƙofa. Ga Isidro cikin farar riga, gumi na tsatstsafo masa a goshi. Ga mahaifiyarsa Inna Marcelina da lulluɓinta na zuwa coci. Amma babban kyandir a hannun wani kawunsu yake. Ina Bulmaro, shi da ya kamata ya tsaya a madadin ubansu marigayi?

Yana can baya, da lasifika a wuya da 'yar tuta a hannu, bayansa kuwa Turawa da 'yan birni cike da titi, kowa da malafa da kyamara.

"Ku matso, ku matso!" yake faɗa ta lasifika. "Neman aure na gargajiya, na gaske, ba wasan kwaikwayo ba! Ga amaryar can bayan ƙofa!"

Kafin kowa ya ankara sun cika tsakar gida. Wani dogo ya zura kai ɗakin ibada ya haska hoton marigayiya mahaifiyar Zenaida da fitilar kyamara. Wata ta kamo hannun Zenaida tana nuna mata ta koma ta sake kaɗa cakulan, wai ba ta ɗauka da kyau ba. Isidro ya sandare, ya juya yana kallon yayansa.

Baba Fausto ya fito daga ɗakin ibada da ashanar da ya tanada a hannu. Bai ɗaga murya ba.

"Bulmaro, waɗannan danginku ne?"

"Baƙi ne, Don Fausto, armashi za su ƙara wa taro! Kai ma yau sai ka sayar da darduma biyu-uku. Kowa ya amfana, ko ba haka ba?"

"Tikiti ka yanka musu?"

"To ai... har da abincin rana a ciki..."

"Tikiti ka yanka a kan 'yata." Tsohon ya mai da ashanar aljihu. "Ku kwashe kyandirinku. Ku kwashe burodinku. Ku fice mini daga gida, ku da 'yan kallonku, kafin in manta akwai tsohuwa a cikinku!"

"Don Fausto, ka dubi Allah!" Inna Marcelina ta fashe da kuka. "Ban sani ba, na rantse ban sani ba!"

"Ke ba ki sani ba, na yarda. Shi fa direban? Motar da kanta ta tuƙo kanta?"

Aka rufe ƙofa da sakata. Cakulan ya huce a tukunya, ba wanda ya sha.

Washegari Zenaida ta ɗauki kwandon ulu ta tafi rafi wanki. Ta san zai biyo ta, ya kuwa biyo. Ba ta bari ya buɗe baki ba.

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Zena, saurare ni..."

"Tambayarka na yi! Ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. "Ya taɓa kawo maganar. Na ce masa ko kusa. Ya yi dariya ya ce wasa yake. Wani direba ya ɗauka ranar, ni ban..."

"Ya kawo maganar, kai kuma ka haɗiye! Ka san halin yayanka. Mutumin da ko jana'iza ya gani sai ya rage gudu don baƙinsa su ɗauki hoto! Da ka faɗa mini, da na tsaya masa a kan titi da taɓarya. Yanzu ga ni a wayar kowane ƙato, ana ta yaɗa hotona, ina riƙe da maburgi kamar biri a gidan zu!"

"Sori, Zena. Wallahi sori."

"Riƙe sorinka!"

Ya dubi ruwan da ke wucewa ta kan duwatsu. Can ya ce a hankali, "Yaya ya ce mu gudu kawai. Ki kwana biyu a gidanmu, daga baya a zo a ba Baba haƙuri. Rabin auren garin nan ai haka ya fara."

Gaskiya ya faɗa, haka rabin auren garin ya fara, kuma sai da ta ji kamar ta yarda don tana son yaron nan so mai zafi. Amma ta tuno ubanta yana mai da ashana aljihu.

"Har yanzu Yaya ya ce? Yaya ya ce! Uwata ta rasu ta bar wa tsohon nan ni kaɗai. Jiya an ci mutuncinsa a tsakar gidansa, yau kuma in tsallake katanga in ƙarasa shi? In kana so na, ta ƙofa za ka ɗauke ni, da kyandir a kunne. In ba za ka iya ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ta juya masa baya ta ci gaba da matse ulu, hawaye na zuba a kan hannunta.

A ranar Isidro ya ajiye wa yayansa makullin bas, ana tsakiyar lokacin baƙi. Da gari ya waye, Zenaida ta ji wata ƙara a waje: shar, shar, shar. Gwaggo Rufina ta leƙa, ta dawo da hannu a baki.

"Tsintsiya! Yaron nan tsintsiya ya ɗauko!"

"Tsintsiyar me, Gwaggo?"

"Ke yarinya ce. A da, wanda aka mayar wa kyandir, sai ya riƙa share ƙofar gidan kullum safiya, ba ya magana, ba a yi masa, har ran da mai gida ya huce. An daina tun ina budurwa." Ta rage murya. "Ubanki ne na ƙarshe da ya yi, a ƙofar su uwarki. Kakanki ya wahalar da shi har sai da masara ta nuna."

Baba Fausto na kan masaƙa, ya yi kamar bai ji ba. Amma Zenaida ta lura ƙafarsa ta tsaya a kan mataki, ta daɗe ba ta motsa ba. Haka aka yi ta yi, kullum shara, kullum tsohon na ƙara sassauci. Har wata safiya ya ce da Gwaggo, "Wannan tsintsiyar tasa ta yi laushi, ba ta kwasar tsakuwa." Gwaggo ta ƙyafta wa Zenaida ido.

Sai dai mai kwaɗayi ba ya jin kunya sau biyu. Bulmaro ya ji labari, ya ga abinci. Ya tsiro da sabon balaguro na sammako: a ga fitowar rana a kan gonakin kwari, a sha shayi, sannan a biya a ga "masoyi mai tsintsiya". Wata Asabar bas ta yi fakin daidai ƙofar gidan, tagogi a buɗe, kyamarori a waje.

"Ga shi nan! Ya bar aiki, ya bar mota, saboda soyayya! Ku tafa masa!"

Suka tafa kuwa. Wata ma har da share ƙwalla.

"Yaya, ka tafi!" Isidro ya daka masa tsawa. "Don girman Allah ka tafi!"

Ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Baba Fausto ya fito, ya fizge tsintsiyar, ya karya ta a gwiwa, ya watsar a titi. Wannan karon ya ɗaga murya, har karnukan layin suka amsa.

"Munafukai! Kun haɗa baki! Ɗaya na shara ɗaya na karɓar kuɗin kallo! Abin da na yi wa matata da zuciya ɗaya shi kuka mayar wasan yara? Kai, in na sake ganin ƙafarka a ƙofar nan, tukunyar shuni zan juye maka, ka yi wata kana yawo shuɗi, su ɗauki hoton da hujja!"

Daga ranar ba a sake jin shara ba. Damina ta sauka, ganye da furanni suka taru a ƙofar gida suna ruɓewa, Baba Fausto ya hana kowa taɓa su. Zenaida ta kira wayar Isidro, a kashe. Aka ce yana aikin gona a bayan gari. Ko saƙon gaisuwa bai aiko ba.

Ranar kasuwa ta ci karo da Bulmaro yana jan baƙinsa tsakanin rumfunan barkono. Ta tare shi.

"Ina ƙanenka?"

"Au, amarya! Ya gaji mana. Namiji ne fa, ba jaki ba. Da ubanki ya iya lissafi, da yanzu kuna da yara a hanya, shagonsa kuma cike da kastoma."

"Tir da halinka, Bulmaro! Ka sayar da bishiya, ka sayar da kufai, ka sayar da fitowar rana, duk ba wanda ya ce maka kanzil. Sai da ka haɗa da ƙanenka uwa ɗaya uba ɗaya? Ka fassara musu wannan ma ta lasifikar, su tafa maka!"

'Yan kasuwa suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta koma gida ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta, rabi na baƙin ciki rabi na haushi. Ta ƙi guduwa, ta zaɓi haƙuri, ga abin da haƙurin ya haifa mata: tsintsiya ɗaya aka karya masa ya watsar da ita. Duk da haka ba ta yi wa ubanta tsiwa ba. Ta ci gaba da kaɗa masa zare, tana kai masa abinci bakin masaƙa, tana haɗiye abin da ke cinta.

Gidan yana da wata ƙofa ta baya, mai fita wani matsattsen lungu inda ruwan rini ke gangarawa, jakuna na bi, kowa na watsa juji. Ko keke ba ya shiga, balle mota. Baba Fausto kaɗai ke buɗe ta, shi ke zubar da ruwan tukwanensa da kansa. Ran nan da sassafe, damina ta kusa ƙarewa, ya kira ta.

"Zenaida, bayana ya riƙe. Ɗauki bokitin nan ki zubar ta baya."

Ta ɗauka tana ƙunƙuni, ta ture ƙofar da ƙafa. Sai ta tsaya.

Lungun fes yake. An kwashe jujin, an gyara magudanar ruwa, an jera duwatsu inda taɓo yake. Can ƙarshe wani ya duƙa da tsintsiya, ya rame, ya yi baƙi, wandonsa duk shuni. Ya ɗago.

Bokitin ya suɓuce mata.

"Isidro! Kai... tun yaushe?"

"Tun washegarin ranar da aka karya waccan."

"Shi ne ka bar ni ina kuka? Shi ne ka kashe waya? Mugu! Azzalumi!"

"In na faɗa miki, fuskarki za ta nuna. Gwaggo za ta gani. In Gwaggo ta gani kuwa, kafin azahar an ji a kasuwa, kafin la'asar Yaya ya samo jakunan haya ya ɗora Turawa."

Ta so ta yi dariya, ta so ta kwaɗa masa bokitin. "Sau biyu ke nan kana ɓoye mini magana. Ka kuskura ka yi na uku!"

"Baba ya ce ƙofar nan. Bai ce ƙofar can ba," in ji shi, yana nuna ta gaba da haɓa, sannan ta baya. Sai ya daburce. "Ko kuwa... ai kin gane."

"Na gane ni ma," aka ce daga bayanta.

Baba Fausto ne tsaye, bayansa garau. Ya dubi lungun daga farko har ƙarshe kafin ya dubi saurayin.

"Tun farkon damina nake jin tsintsiyarka. Kullum in buɗe in zubar da ruwa bayan ka tafi, kullum in ce gobe zan ga kyamara. Na jira na gaji, ban gani ba. Wannan sharar ba ta 'yan kallo ba ce." Ya yi gyaran murya. "Ka gaya wa uwarka ta kawo kyandir ran Lahadi. Ta wannan ƙofar."

Inna Marcelina ta zaunar da babban ɗanta ta roƙe shi, amma ba ta faɗa masa ta wace ƙofa za a shiga ba. "Bulmaro, ran Lahadi ka bar motar nan. Ka zo gida da safe mu tashi tare, ka ɗauki kyandirin ubanka. Abin da nake nema ke nan."

"An gama, Inna. Haba, sai ka ce ba ni da hankali!"

Ran Lahadi ta jira shi har rana ta ɗaga, bai zo ba. Yana birni yana lodi. Ya yi dabara a ransa: ya riga kowa isa ƙofar Don Fausto, ya jera baƙinsa a inuwar katanga, in jerin ya iso ya karɓi kyandir a nan, kowa ya samu nasa. Ya jera su kuwa. Suka zuba wa titi ido, suna fifita da malafa. Titi shiru, ƙofa a rufe, ruɓaɓɓen ganye a gabanta.

"Yanzu za su ɓullo," yake ta faɗa. "Mutanenmu ba sa sauri."

Kwatsam badujala ta ɓarke — daga cikin gida! Aka rangaɗa guɗa, aka yi ta tafi. Bulmaro ya saki tutarsa.

Can sakata ta motsa. Zenaida ta fito da kwandon burodi a ka, Gwaggo na biye da tulun cakulan, Baba Fausto a bayansu. Ta tsakanin kafaɗunsu ana hango ɗakin ibada, babban kyandir na ci a gaban hoton marigayiya.

"Baƙi baƙi ne," in ji tsohon. "Sun sha rana, ba laifinsu ba ne. A ba su burodi, a ba su cakulan. Wanda ke son ganin masaƙa ya dawo gobe, zan nuna masa har ya gaji. Masaƙa abin kallo ce. 'Yata ba abin kallo ba ce. Fassara musu, Bulmaro, kai ne mai lasifika."

Bulmaro bai fassara ba, don mahaifiyarsa ta fito. Tana tafe a hankali, tana murza damtsenta, kakin zuma ya ɗiɗɗiga mata a lulluɓi.

"Inna... wa ya ɗauki kyandirin?"

"Kawunka ya miƙo hannu, na ce a'a. Na ce ina da ɗa, zai zo. Da ba ka zo ba na ɗauka da kaina." Ta dube shi ido cikin ido. "Yana da nauyi, Bulmaro. Sau biyu ina tsayawa a lungun nan ina hutawa. Ubanka bai taɓa barina na ɗauki ko tulu ba."

Ya cire lasifikar daga wuya, ya zauna a bakin titi cikin ruɓaɓɓen ganye, ya rufe fuska. Wani daga cikin baƙin ya ɗaga kyamara, wata tsohuwar Baturiya ta danne masa hannu.

Zenaida ta zo ta tsaya a kansa. Ta daɗe tana tanadin zagin da za ta yi masa, amma da ta gan shi haka sai ta zaro burodi ɗaya ta ajiye masa a gwiwa.

"Ci, Yaya. Ranar ɗaurin aure ka zo da ƙafarka."

Ya zo da ƙafarsa kuwa, shi ya yi ta jidar kujeru. Isidro ya koma tuƙi daga baya, yana kai baƙi bishiya da kufai da maɓuɓɓuga kamar da, amma in ya hango jerin kyandir ko makara sai ya sauya titi.

To 'yan mata da samari, kun dai ji. Da Zenaida ta tsallake katanga ranar da ranta ya ɓaci, da ta samu miji ta rasa uba. Ta yi fushi, ta yi kuka, amma ta zauna, sai ga shi ta haɗa duka biyun. Wanda ke sonki da gaske za ki gane shi a aikin da ya yi inda ba mai tafa masa. Shi kuma wanda ya mai da mutuncin gidansu hajar sayarwa, ranar farin cikin gidan a waje za ta same shi, yana jiyo kiɗa ta bayan ƙofa.